Abin da Ya Hana Ni Cin Kifi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Daga mahaifinka Haruna, a Hadejia, zuwa ga ɗana Abba. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya a masaukinka na Kano, Ya kai ka Ikko lafiya, Ya tsare ka a kan ruwan da za ka hau, wanda aka ce mutum yakan yi kwana da kwanaki bai hangi gaɓa ba. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ƙannenka ma haka.

Ba zan tsaya ba ka labarin gida ba, kwananka shida kacal da barinsa. Ka ga da ajami na rubuta, da hannuna, ban kira mai rubuta wasiƙa na bakin kasuwa ba. Abin da ke ciki ba na so ya bi ta kunnen kowa kafin ya iso gare ka. Ka yi haƙuri da rubutun, idona ya fara ja da baya.

Ranar da ka zo sallama ka zauna a zaure ka karanta mini takardar da ka rubuta wa Turawan da suka zaɓe ka. Sun tambaye ka dalilin da ya sa kake son ƙaro ilmin kasuwanci a ƙasarsu, bayan karatun da ka yi a Zariya da shekarun da ka yi kana akawu a kanti. Ka juya mini ita da Hausa. Ka ce kana so ka koyi yadda ake riƙe kamfani, ka dawo ka kafa naka a bakin kogin nan, da jirage masu inji da ɗakin ƙanƙara, kifin Hadejia ya isa Kudu ɗanye, masunta su huta da hayaƙin banda. Magana ce mai kyau, na kuwa ji daɗinta. Amma da ka naɗe takardar sai ka ƙara wata a hankali, idonka yana kan ƙofa. Ka ce, "Baba, ranar da zan dawo, manajan nan da yake barina a tsaye a baranda, shi zai miƙe ya ba ni kujera."

Wannan ba ta cikin takardar. Ita ce kuwa ta tsaya mini a rai tun da ka tafi. Na san muryar. Tawa ce, lokacin ina kamar kai.

Ka tashi ka same ni ina fataucin kifi, amma a cikin kwale-kwale na girma. Kakanka, wanda kake ɗauke da sunansa, masunci ne, kuma ni da ƙanena, Baffanka Isa, ba mu san wata sana'a ba. Bayan layin dogo ya iso Malam Madori aka buɗe kantuna a kusa da tasha. Wata rana kakanka ya aike ni sayen gishiri da zaren saƙa koma, ragar kamun kifi. Na shiga layi. Akawun kantin, wani siriri mai farar taguwa, ya ɗaga hanci ya dube ni ya ce, "Malam, koma bayan iska, ka cika mana wuri da ƙarni." Mutane suka yi dariya. Na fita daga inuwa na tsaya a rana har aka sallami kowa. A hanyar dawowa na rantse a zuciyata sai na koma kantin nan da babbar riga, 'yan dako suna biye da ni, akawun nan ya durƙusa ya gaishe ni.

Shi ke nan dalilin da ya sa na bar su na shiga fatauci. Da wani ya tambaye ni a lokacin, cewa zan yi don in hutar da iyayena ne. Ni kaina haka nake gaya wa kaina. Wannan shi ne kuskurena na fari, kuma duk sauran daga cikinsa suka fito. Abba, dalilin da ka rubuta wa Turawa daban, wanda ya tashe ka daga zaune daban. Ka zauna kai kaɗai a cikin jirgin nan ka duba wanne ne yake tuƙa ka, domin shi zai zaɓar maka hanya ranar da hanya ta rabu biyu.

Na yi shekara uku ina sayen banda a tungayen masunta ina kaiwa tasha. Ina samu, amma ba da saurin da nake so ba. A lokacin kana goye a bayan mahaifiyarka.

Can gabas cikin fadama, tafiyar yini a kwale-kwale in ruwa ya cika, akwai wata tunga a kan tudu, gida bai fi ashirin ba. Sarkin ruwansu wani tsoho ne, Baba Madu, mutanensa daga wajen Tafkin Chadi suka zo tun kafin Turawa. A bayan tungar akwai wani tafki mai zurfi wanda ba ya ƙafewa ko da rani ya kai inda ya kai. Uwa suke kiransa. In ambaliya ta ja baya, manyan kifaye a nan suke taruwa su yi rani, in ruwa ya dawo su fita su watsa ƙwai a fadama. Ba a jefa komai a cikinsa sai rana ɗaya a shekara, in Baba Madu ya buɗe, da homa kawai, 'yar ragar hannu, kuma kafin la'asar ya rufe.

Na tsaya a bakin tafkin nan wata safiya na ga bayan giwan ruwa yana juyawa, tsawonsa ya kai na mutum. Tun daga nan ban sake ganin ruwa ba, kwanduna nake gani a jere a tasha.

Na je kanti na sayo taru, babbar ragar ja, na zaren Turawa, mai ƙananan ido, irin wanda ko yatsa ba ya wucewa. Na tara samarin tungar na nuna musu. Na yi musu alkawarin riguna da kekuna. Baffanka Isa ya auri 'yar tungar, suna jin maganarsa, sai na sa shi gaba. Da farko ya ƙi. Ya ce, "Yaya, a bari tsohon ya buɗe mana." Na ce masa tsoro ne yake damunsa, a gaban samari na faɗa. Ya ɗauki bakin tarun.

Baba Madu ya zo ya same ni a ƙarƙashin wata kanya da ke bakin tafkin. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Haruna, jirgi nawa za ka cika?"

Na ce, "Duk wanda na samu, Baba."

Ya ce, "In ka cika su, sai me?"

Na ce sai in kai tasha.

"In ka kai, sai me?"

Na yi dariya. Ya dube ni ya ce, "Ni dai na faɗa." Ya koma gida.

Da hantsi aka ja tarun, ni ina tsaye a gaɓa. Ka san yadda bakin ruwa yake in ana su: ihu, kukan kirinjijiya, balbela tana bin mutane, shirwa tana shawagi. Ranar nan samari suna shiga ruwa tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya suka yi arewa, ko ɗaya bai saura ba. Iska ta ɗauke. Samarin da suka fara da waƙa, ɗaya bayan ɗaya suka yi shiru, ba wanda ya ce su daina. Ba ka jin komai sai numfashin mutane da kukan igiya.

Da tarun ya iso gaɓa, na ga abin da ban taɓa gani ba, ban kuma sake gani ba. Kifi ya taru ya yi tudu, giwan ruwa da tarwaɗa da karfasa, da 'yan ƙanana kamar ganyen tsamiya. Amma ba ya motsi. Ka san kifi in ya fito ruwa yakan yi ta tsalle yana bugun ƙasa. Waɗannan da ransu, bakinsu yana buɗewa yana rufewa, amma suna kwance lamo, idanunsu a buɗe. Wani saurayi ya ce, "Kallon mu suke yi." Na daka masa tsawa na ce ya kama aiki.

Kwana huɗu muna ja har tarun ya fara fitowa da laka zalla. Kwana tara ana banda. Matan tungar suka ce mini hayaƙin ba ya ƙamshi. Na lura ƙuda ba ya sauka a kan kifin, kyanwa ta zo ta shinshina ta wuce. Na ce wannan ai alheri ne, kaya ba zai lalace a hanya ba.

Na cika jirage bakwai. A Malam Madori fataken Kudu suka yi rububinsa, ban kwana da kwando ɗaya ba. Na ɗinka babbar riga mai aska takwas, na ɗauki 'yan dako, na nufi kantin nan. Na tarar da wani akawu daban, mai fara'a, ya tashi ya gaishe ni. Na tambayi siririn mai farar taguwa. Ya ce bai san shi ba. Aka tambayi maigadi, ya ce ai an ɗauke shi tun shekara biyu da suka wuce, wai ko Jos aka kai shi. Na tsaya a tsakiyar kanti da rigata, na rasa abin da zan saya. Ko sunan mutumin ban sani ba, shi kuwa na tabbata kafin ya ci abincin rana a wancan yinin ya manta da ni.

Manajanka ma haka zai yi, Abba. Kafin ka dawo an sauya shi, ko ya koma ƙasarsu, ko ya mutu. Kada ka ba mutumin da ba ya tunawa da kai shekarun ƙuruciyarka. In kujera kake nema, akwai ta a zaurena.

Damina ta zo, ruwa ya cika fadama kamar kullum, amma ya zo fanko. Masuntan tungar suka yi ta jefa birgi suna ɗagowa da ciyawa. Da rani ya shigo, Uwa, wadda tsofaffi ba su taɓa ganin ƙasanta ba, ta fara ja da baya. Yunwa ta shiga tungar. Suka kai ƙara gaban hakimi, aka kira ni aka kira Baffanka.

Ga kuskurena na biyu, kuma ya fi na farin nauyi. Hakimi ya tambaya wa ya ja taru a ruwan da aka rufe. Na ce ni mai saye ne, abin da aka kawo mini na saya. Ban yi ƙarya a kalma ba, kowace kalma gaskiya ce. Isa ya juyo ya dube ni. Aka ɗora masa laifin, aka hana shi su a ƙasar baki ɗaya. Mutanen tungar suka watse, shi da matarsa suka bi waɗanda suka yi gabas. Da zai tafi ya biyo ta ƙofar gidanmu, ya ɗauke ka ya ɗaga sama, ya ajiye ka, ya gai da mahaifiyarka. Ina cikin ɗaki ina jinsa, ban fito ba. An gaya maka Baffanka ya tafi neman ilmi bai dawo ba. Ni na ce a gaya maka haka.

Duk inda za ka riƙe kamfani, za a sami waɗanda hannunsu ne zai taɓa aikin, kai kana nesa cikin inuwa. Ranar da abu ya ɓaci, zai yi maka sauƙi ƙwarai ka ce kai ba ka taɓa ba. Ka fito ka ce kai ka sa. In ka kasa faɗa a ranar, wallahi kowace shekara faɗar ƙara wuya take yi.

Yanzu ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, har mahaifiyarka.

A ƙarshen ranin nan na ɗauki doki na tafi tungar. Ban san abin da na je nema ba. Na isa bayan azahar, rana tana tsakiyar zafinta. Gidajen suna nan, ƙofofi a buɗe. Turmi yana tsaye a wani tsakar gida da taɓarya a ciki. Ba kaza, ba ƙadangare. Dokina ya toge a bakin gari ya ƙi gaba, na ɗaure shi na shiga da ƙafa.

Tafkin ya bushe ƙaf, ƙasa ta tsattsage, tsaga kamar ka zura hannu. A ƙarƙashin kanyar nan na hangi mutum a zaune yana gyaran koma. Baba Madu ne. Na ji sanyi a raina da na ga akwai wanda ya rage. Na yi sallama ya amsa, na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, "Haruna, ka zo da wuri. Ban buɗe ba tukuna."

Na ce, "Baba, me za a buɗe? Ai babu ruwa."

Ya ce, "Ba ka ji suna motsi ba?"

Na kasa kunne. Abba, Allah ne shaidata, na ji. Daga ƙarƙashin busasshiyar ƙasar nan, can ciki, ƙarar kifi mai yawa yana bugun juna, irin tsallen da ba su yi ba ranar da muka fito da su. Ina jinsa a tafin ƙafata.

Sai a lokacin na lura rigarsa a jiƙe take sharkaf. Ruwa yana ɗiga daga gemunsa, inda yake zaune ƙasa ta yi duhu. A wurin nan kuwa ko na alwala babu sai an yi tafiya mai nisa.

Ya miƙa hannu cikin wani kasko a gefensa ya ɗauko gutsuren banda ya ce, "Ci. Naka ne." Na ji kunyar in ƙi. Na karɓa na sa a baki. Ba gishiri, ba hayaƙi, ba ɗanɗanon kifi, sai laka mai sanyi. Na haɗiye da ƙyar. Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da ɗinkinsa kamar ba na nan. Na yi masa sallama bai amsa ba. Na koma wajen doki ban waiwaya ba.

Bayan kwana uku na gamu da wata matar tungar, Fanna, tana sayar da tabarmi a kasuwar Hadejia. Na ce mata bai kamata su bar tsoho shi kaɗai a kufai ba. Ta ce wane tsoho? Na ce Baba Madu. Ta ajiye tabarmar da ke hannunta. Ta ce, "Mun binne shi tun kafin mu taso. Da ruwan ya rage kamar faɗin ɗaki, wata rana da safe ya shiga ya zauna a tsakiya. A nan aka same shi. Mijina yana cikin waɗanda suka ɗauko shi. A gindin kanya aka sa shi."

Ban ce maka aljani ba ne, ban ce zafin rana ne ya taɓa mini kai ba. Na tambayi malamai ba tare da na ce ni ne ba, kowa da abin da ya faɗa. Allah ne Masani. Abin da na sani shi ne, tun daga ranar nan duk kifin da na sa a baki, laka nake ji. Kana yaro ka sha tambayata me ya sa nake sayar da kifi ba na ci, ina ce maka ƙaiƙayi yake sa ni. Yau ka ji dalili. Shekara ashirin da 'yan kai ke nan ina ciyar da gida da abin da ba na iya haɗiyewa.

Ban rubuta wannan don in hana ka tafiya ba. Ka tafi, ka koyo duk abin da suka sani. Jahilcina bai tsare tafkin nan ba, ilminka wataƙila ya tsare wani. Amma ka sani, ni da taru ɗaya da samari ashirin na yi wannan ɓarna. Kai da inji za ka dawo, da ƙanƙarar da za ta sa kifi ya daina lalacewa. Lalacewar nan kuwa ita take sa masunci ya tsaya in ya kama abin da zai iya gyarawa. In ka kawar da ita, babu sauran abin da zai ce a tsaya sai kai.

Don haka in ka zauna gaban malamanku, bayan sun koya maka yadda ake ɗiba da yadda ake kaiwa, ka ɗaga hannu ka tambaye su ko a littattafansu akwai babin abin da ake bari. In akwai, ka haddace shi. In babu, ka dawo ka nemi tsofaffin bakin ruwa tun suna da rai, ka zauna a ƙasa ka saurara, kada ka je musu da kwat da wando kana tsaye. Kuma kowace harka aka kawo maka, ka tambayi kanka wa zai kwana a wurin baɗi, bayan kai ka kwashe ka tafi.

Ka riƙe salla ko da kai kaɗai ne a garin. Ka duba abin da za ka ci. In sanyi ya yi maka yawa kada ka ji kunyar faɗa. Ka riƙa rubuto wa mahaifiyarka ko layi biyu ne, ƙanwarka za ta karanta mata.

Saura abu ɗaya. Washegarin tafiyarka wani Bafillace mai kiwo ya zo sayen gishiri a rumfata. Cikin hira ya ce a wani ƙauye gaba da Birniwa akwai wani makaho mai saƙa koma, Bahaɗeje ne, ana ce masa Isa, ba ya taɓa zancen gida. Na tambaye shi kamanninsa. Ya ce yana da tabo a haɓa. Ni na yi masa tabon nan da bakin filafilin tuƙa kwale-kwale muna yara.

Jibi in Allah Ya kai mu zan tafi. Na bar rumfa a hannun ƙaninka. Ban san ko zai yarda ya ji muryata ba, ban kuma shirya abin da zan faɗa ba, sai dai zan faɗe shi a gaban mutanen garin, ba a cikin ɗaki ba. In ya kore ni zan zauna a ƙofar gidansa. Wataƙila kana tsakiyar teku ni ina zaune a can. Ka yi mini addu'a kamar yadda nake yi maka.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya tsare ka daga sharrin ruwa da na tudu, da sharrin abin da ido yake gani da wanda ba ya gani. Ya ba ka ilmi mai amfani, Ya tsarkake maka niyya, Ya dawo mana da kai muna raye. In kuma ka dawo ba ka same ni ba, ka yafe mini, ka nemi Baffanka ko 'ya'yansa, ka gaya musu kai ɗan wane ne, kada ka ɓoye.

Wassalam.

Mahaifinka,
Haruna